Karan Atika a Tsagar Marmara

Atika ba ta da fara'a, kuma ba ta iya tuwo ba. Shekara talatin muna maƙwabtaka a Sabon Gari, na san abin da nake faɗi. Sana'arta tankaɗe tsakuwa a gefen hanyar Jiratawa, inda aka yanke tudun marmara aka bar bango mai tsayin bene a kan masu wucewa.

Ubanta mahaƙin rijiya ne, dabara ɗaya ya bar mata. Duk tsagar da ta gani a saman bangon, sai ta yanke karan hatsi daidai faɗinta, ta maƙala shi a gicciye. Kullum da safe ta hau ta duba. In karan na nan, ƙasa na barci. In ya faɗa ciki, tsagar ta ƙara buɗewa.

Daminar bara, bayan ruwan kwana biyu, ta iske kara bakwai sun faɗa. Tarin tsakuwarta, wahalar wata uku, yana gindin bangon, ga Maliki mai amalanke ya zo kwasa. Ta hana. Ta sa ya gitta amalanken a hanya ta haye ta zauna, shi kuma ya je ya tare ɗaya gefen da ƙaya.

'Yan kabu-kabu a kan baburansu na haya da mata masu buhunan zogale suka taru.

"Iya, duba kika fara?" in ji wani ɗan kabu-kabu.

"Wuce, ɗana," ta ce. "Amma faɗa mini gidanku tukuna, in san inda zan kai ta'aziyya."

Bai wuce ba.

Har azahar shiru. Aka zage ta. Ni ma da na kai mata fura na ce ta sauko, ta ishe mu da abin kunya. Ban rufe baki ba ƙasa ta fara zubowa kamar gari daga rariya, sai bangon ya taho gaba ɗaya. A haƙorana na ji ƙarar. Wani dutsen ya kai ɗaki girma. Ko akuya ba a rasa ba, amma tsakuwarta ta binnu.

Injiniyan da aka aiko ya sa aka kwantar da gangaren hawa-hawa, aka jera duwatsu cikin ragar ƙarfe. Da idona na gan shi a tsugune gaban Atika, yana juya guntun kara a hannu. Ni da na yi kwaleji, fura kawai na iya kaiwa.

Yanzu tana aiki a wani ramin tsakuwa wajen Tibiri. Da damin kara take fita.