Malam Ramalan, Mai Washin Bakin Kasuwar Kibiya

Kafin masu kayan miya su gama shimfiɗa buhunansu a bakin kasuwar Kibiya, Malam Ramalan ya riga ya yaye tamfol daga kan injinsa. Zai goge shi, ya ɗiga masa baƙin mai, sannan ya ƙwanƙwasa dutsen washin da ƙotar guduma yana kasa kunne. In ya ji amo garau, sai ya yi bisimilla ya fara aiki. In amon ya dakushe, to akwai tsaga a ciki, ranar babu washi ko da layin masu lauje ya kai titi, don ya ce fasasshen dutse ba ya tambayar idon wa zai samu. Shekara ashirin da biyu ke nan a haka.

Wanda ya ga injin a yau, kore shar, tsaye a kan ƙafa ɗaya mai kaurin turmi, dutse ɗaya hagu ɗaya dama, ba zai yarda da yadda ya zo garin ba. A shekarar 2001 motar 'yan gwangwan ta lalace a Rano, ɗauke da tarkacen wata masana'anta da ta daɗe da mutuwa. Malam Ramalan, a lokacin yana gyaran kekuna, ya hango shi kwance a cikin ƙarafan, tsatsa ta cinye shi. Ya daɗe yana shafa shi, daga ƙarshe ya ba da kekensa aka ba shi. Lado direba, wanda ya kawo shi Kibiya a bayan a-kori-kura, ya ce sai da ƙarti biyar suka kama kafin ya sauka.

Mai ɗakinsa Maimuna ta leƙo ta gani, ta ce, "Malam, keken da ke kai ka Madachi ka bayar, ka karɓo mana gawa?"

Ya ce mata ba mutuwa ya yi ba, suma ce.

Wata biyar ya yi yana farfaɗo da shi. Ya jiƙa notunan a kananzir har suka saki, ya kankare tsatsar da hannunsa, ya je Kano sau uku kafin ya sami boris, ƙwallayen ƙarfen da ke sa shi juyawa, daidai da shi. Da ya ga wutar Nepa ba abin dogaro ba ce, sai ya cire ƙonannen kwayil ɗinsa na lantarki, ya ja bel zuwa wani ƙaramin injin ban-ruwa. Ya kuma ƙera feda da sarƙar keke saboda ranar da fetur zai yi wuya. Ya yanki ƙarfen ganga ya yi wa duwatsun rumfa, ya rataya gwangwani mai huji a sama yana ɗigo ruwa, kada bakin lauje ya ƙone. Ranar da ya fara juyawa, mahauta sun bar teburansu sun zo kallo. Wani tsohon maƙeri daga Nariya ya ɗora kofin ruwa a kan injin yana cikin gudu, ruwan bai ko girgiza ba. Ya cire hularsa ya mayar.

Kai ne ka hutar da manoman wannan yanki kwana a kan dutse suna goga lauje. Kai ne mai sanin fartanyar kowa ba tare da an rubuta suna ba. Gagara tsatsa, mijin Maimuna!

Amma abin da mutanen kasuwa ba sa mantawa shi ne na jajibirin zaɓen 2007. Da hantsi wasu samari su kusan goma suka sauka daga mota, suka zube buhun adduna da barandami a gabansa, suka ce a wasa musu yanzu. Hajiya Luba mai ƙosai, da ke gefe, ta ce ita har ta fara sauke kaskonta. Malam Ramalan ya dubi buhun, ya dubi idanunsu. Sai ya kashe injin, ya zare bel ɗin, ya naɗe, ya sa a aljihun rigarsa ya zauna.

Babbansu ya ɗaga sanda a kan dutsen, ya rantse zai farfasa shi. Kowa a wurin ya san abin da injin nan yake a wurin mai shi.

Malam Ramalan ya ce, "Fasa, ɗana. Na taɓa tashinsa daga juji, zan sake. Wanda za ku sara fa, wa zai tashe shi?"

Sandar ta daɗe a sama. Mahauta suka matso ɗaya bayan ɗaya suka tsaya a bayansa, masu hatsi suka biyo. Samarin suka kwashe buhunsu suka tafi da shi yadda suka zo da shi. Kwana huɗu bai mayar da bel ɗin ba, sai da gari ya lafa.

Bana ido ya fara yi masa hazo, ya ce da an gama girbin dawa zai miƙa wa ƙaninsa Maharazu rumfar. Da aka gaya masa za a rubuta labarinsa, cewa ya yi a rubuta na wanda ya zuba ƙarfen tun farko, shi gyara kawai ya yi.

Ba mu san wancan ba, Malam, kai muka sani. Mun gode. Allah ya ƙara wa idonka haske, ya sa ka gama lafiya. Mu kuma da ke da sana'a a hannu, ƙarama ko babba, mu koyi biyun nan a wurinsa: mu iya aikinmu har a yi mamaki, mu kuma san ranar da za mu ce ba za mu yi ba.