Tatsuniya Marar Daɗi ta Adda Dudu

Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Ina shanya wanki da safen nan aka buga mini waya, wai Adda Dudu ta rasu. Maƙwabciyata ce a unguwar Shamaki, katanga ɗaya ta raba mu.

Har yanzu zanin yana cikin bokiti.

Shekarar da 'yata Hauwa ta samu aikin jinya a Bauchi, ta bar mini 'yarta Ummi, 'yar shekara uku. Yarinyar nan ba ta barci. Hauwa kullum tana waya tana jin kukanta, har ta ce in wata ya ƙare a haka za ta ajiye aikin ta dawo. Aikin da ta yi shekaru tana nema.

Ni kuwa a gaban kakata na tashi, tatsuniya ce gadona. Na kawo kura, na kawo dodo, har muryoyinsu nake yi. Ummi sai ta tashi zaune, ido tar, tana cewa "sai me ya faru, Kaka?"

Wata la'asar Adda Dudu ta leƙo ta katanga. Ashe duk tana jina.

"Hajiya, ni ma da nake tsohuwa ban runtsa ba sai da na ji yadda kurar nan ta ƙare. Yarinya ba ta gaji ba, kin kuma kunna mata sinima."

Na ji haushi, ba zan ɓoye ba.

Ta ce in riƙa turo mata Ummi bayan la'asar, ta taya ta kora agwagi cikin akurki. Agwagi huɗu ne kacal, amma Adda sai ta bar ƙofar bayan akurkin a buɗe da gangan, su shiga ta nan su fita ta can. Ummi ta yi ta zagaye tsakar gida tana ihu. Daga nan wanka, sai tuwo, sai shimfiɗa. Kullum haka, ba a sauya tsari ko da baƙi.

Tatsuniyar ma ita ta ba ni. Wata tsohuwa ce ta je rafi, ta ɗebo ruwa a tulu, ta zuba a randa, ta koma. Ba kura, ba kowa. Na ce wannan ai zubar da mutuncina ne. Ta ce in gwada.

Ummi ba ta taɓa wuce tulu na huɗu ido biyu ba. Hauwa tana nan a aikinta har yau.

Makon jiya na shiga duba Adda da hantsi. Ta rame, ta ce kwana uku ke nan barci ya ƙi ta. Ta kama hannuna.

"Hajiya, yi mini ta tsohuwar nan. Kada ki sa mata gishiri, na san halinki."

Na fara. Tsohuwa ta je rafi, ta dawo, ta koma. Agwagi na yawo a bakin ƙofa, labule na motsi a hankali. A tulu na uku hannunta ya saki nawa, tana numfashi kamar jaririya. Na fita da sanɗa, ban yi sallama ba.

Ɗazu Ummi ta tambaye ni wa zai kora agwagi yau. Na ce ni da ita, bayan la'asar. Zan bar ƙofar baya a buɗe.

Allah ya jiƙan Adda Dudu, ya gafarta mata, ya sa kabarinta ya zama wurin hutu. Duk wanda ya karanta, don Allah ya sa ta a addu'a.