Faten Tafarnuwar Malam Buba

Innalillahi wa inna ilaihi raji'un.

Da safen nan, ko kokona ban kai baki ba, waya ta yi ƙara. Haruna ne, ɗan gidan Malam Buba, daga Rogo Sabon Gari. Ya ce, "Baba Ladan, sai haƙuri. Baffa ya cika."

Malam Buba mai lambu ya rasu.

Na zauna a bakin gado. Amma zan faɗa muku gaskiya, ko da za ku ce tsoho ya rikice: bayan salati, abin da ya fara fita daga bakina alhamdulillahi ne. Ku tsaya ku ji dalili.

Ni ban yi boko ba, allon ma ban yi nisa ba. 'Yata Hajiya Rabi ke buga mini wannan, na kuma ce mata ko harafi ɗaya ta gyara ban yarda ba. Murya Allah ya ba ni, na yi ladanci a masallacin unguwarmu a Ƙaraye sama da shekara arba'in. Sai kuma riƙe abu a ka. Har gobe in an yi rigimar iyakar gona, ni ake zuwa tambaya.

Abu ɗaya na so in manta, ya ƙi mantuwa.

A shekarun tamanin ne, lokacin da aka shiga yayin noman alkama na rani. Buba ya zo daga Rogo ya kama lambu a fadamarmu, yana shuka alkama, gefe guda kuma tafarnuwa. Baƙo ne, ba shi da kowa a nan. Mahaifiyata, Inna, ita ta riƙa aika masa da tuwo har ya zauna da gindinsa. Ɗan Fillo take ce masa.

Mutum ne mai kyauta shiru. In ya wuce ƙofar gidanka, sai ka tarar da damin albasa a zaure, ba sallama ba bayani.

Wata shekara aka yi sanyi mai shiga ƙashi. Mura ta kama Inna, ta sauka mata a ƙirji. Tari, majina, murya ta dushe. Na sayo sirof a kemis, ta sha ya dawo. Abinci kuwa ko kallo. Kwana biyar muna kallon tsohuwa tana zubewa.

Sai wata langa mai murfi ta fara shigowa gidan kullum da hantsi. Maƙwabciyarmu Iya Asabe ke kawowa. Ni ina waje wajen sabgata, na ɗauka daga gidan ƙanwata take fitowa, ban tambaya ba. Abin da na sani, Inna ta fara kurɓa. Ranar farko ludayi biyu. Rana ta uku ta shanye, ta yi gumi, ta nemi a fitar da ita rana.

A makon nan ne Buba ya shigo sallar azahar ya tsaya kusa da ni a sahun gaba. Warin tafarnuwa ya buge ni.

To, na taɓa ji a wajen karatu cewa wanda ya ci tafarnuwa kada ya kusanci masallaci. Rabin maganar na ji, na riƙe rabin kamar gadon ubana. Na kama hannun rigarsa a gaban jama'a na ce, "Malam, fita. Nan ba lambu ba ne."

Ya dube ni. Ya ɗauki buzunsa ya fita, ya shimfiɗa a waje gefen randar alwala, ya bi mu daga can, iska tana kaɗa shi.

Bayan an sallame Liman ya ja ni gefe. Ya ce, "Ladan, ɗanya aka ce, kuma wanda ya ci. Ko shi ɗin ma a keɓe ake yi masa magana." Na ce, "Allah gafarta Malam, hancina ba ya ƙarya."

Washegari langa ta zo. Jibi ma ta zo.

Sai da Inna ta warke sarai labarin masallaci ya kai kunnenta. Ta sa aka kira ni. Ta ce, "Kai, Sale. Ka san hannun da ka kora? Shi ke ɓare tafarnuwar da ta tashe ni. Ɗan Fillo ko ɗanɗanawa ba ya yi, duka yake juyo mini. Maza ka je ka ba shi haƙuri."

Na ce to.

Ban je ba.

Na ce sai Juma'a. Juma'a ta zo na ce sai an cire alkama. Aka cire alkama, Buba ya tattara ya koma Rogo. Inna ta rasu tana tambayata ko na je. Shekaru suka yi ta tafiya. Muna haɗuwa a kasuwa, mu gaisa har da tambayar iyali da shanu, ya cusa mini ƙullin tafarnuwa a aljihu yana murmushi. Maganar ta zo mini nan, a maƙogwaro, in haɗiye ta.

Makonni uku da suka wuce mura ta kwantar da ni, irin ta Inna sak. Ina kwance ina tari sai na ce wa kaina, Sale, in ka tafi da wannan kayan, wa zai sauke maka? Ina samun sauƙi na hau bas zuwa Rogo. Rabi ta ce in bari in ƙara warwarewa. Na ce na bari shekara talatin da wani abu, ya isa.

Na same shi a zaure, ido ya yi rauni, amma kunne garau. Ina yin sallama ya ce, "Ladan, tsaya daga nan! Kada ka matso, yanzu na ci tafarnuwa."

Ya yi dariya har da tari. Ni kuwa na durƙusa, gwiwa tana ƙara.

Na ce, "Buba, na zalunce ka. Ka yafe mini."

Ya ce, "Ashe kana da bakin faɗa? Ni tun a kan buzun nan na yafe. Amma na ce ba zan gaya maka ba sai ka tako da ƙafarka, don kada taurin kanka ya tafi a banza."

Ya sa aka kawo kasko nan zaure, yana faɗa, matar Haruna tana yi, ni ina kallo. Ga yadda yake, ku riƙe. A ɓare tafarnuwa kai biyu, a daddaka sama-sama. A sa man shanu a wuta kaɗan-kaɗan, a zuba ta, a yi ta juyawa har ta yi laushi. In ta ƙone ta yi ɗaci, an yi asara. A tsaida ruwa ko romon ƙashi, a sa citta, masoro, kanumfari da gishiri. In ya tafasa sai a riƙa barbaɗa tsakin alkama, wanda yanzu kuke saye a leda kuna cewa semo, hannu ɗaya na barbaɗawa ɗaya na juyawa, don kada ya yi gudaji. Ruwa-ruwa ake so, na kurɓa. A yanka lawashi a kai.

Na shanye kwano guda, gumi ya karyo mini. Ya ce, "To Ladan, yanzu wa zai kori wani?"

Maganarmu ta ƙarshe ke nan.

Yau mun kai shi makwancinsa, na dawo kafin la'asar. Na zauna na ɓare tafarnuwa da hannuna, Rabi ta dafa, aka raba wa masu mura a layinmu. Da aka kira salla na ɗauki buzuna na shimfiɗa a waje, daidai inda ya yi tasa. Aka ce, "Baba Ladan, shigo mana, ga wuri." Na ce yau a nan zan yi.

Allah ya jiƙan Malam Buba, ya yafe masa kamar yadda ya yafe mini, ya sanyaya makwancinsa, ya haɗa shi da Inna a Aljanna. Allah ya ba Haruna da 'yan uwansa haƙuri.

Duk wanda ya karanta, don Allah ya yi masa Ƙulhuwallahu ko ƙafa uku ce. In kuma akwai wanda kake cewa sai Juma'a za ka je ka ba shi haƙuri, tashi ka tafi yau. Ni sa'a na ci.