A-kori-kurar Surukina

Shekarar da aka kai ni gidan miji a Kafanchan, abin da na fara lura da shi shi ne ba a zubar da gwangwani a gidan. Ran da na jefa gwangwanin madara a bola, sai ga surukina ya bi sawu ya tsinto shi, yana karkaɗe masa ƙasa.

"'Yata, ƙofar mota ce kika yar," in ji shi.

Baba, kamar yadda muke kiransa, ya yi shekaru yana gyaran injin jirgi a reluwe kafin ya yi ritaya. Da hannu ya rasa abin yi, sai ya koma ƙera ƙananan motoci a baranda. Ba irin na wasa da ake ja da zare ba. Nasa sai an durƙusa an leƙa, a ga sitiyari da giya har da madubi. Kuma ba ya ƙera komai sai a-kori-kura, irin waɗanda ake ƙara wa sifirin, ƙarfen nan mai lotsawa na ƙarƙashin mota, a ɗaga su sama, don su iya shiga ƙauyukan citta da damina. Ƙa'idarsa ɗaya ce: tsawon ƙafa guda a motar gaske, inci guda a tasa.

Tayoyi daga tsofaffin silifas yake yanka su, ya zauna da reza yana fitar musu da haƙora. Sifirin kuwa ƙarfen laima ne. Na san haka ne ranar da hadari ya haɗo ina shirin zuwa coci, na buɗe laimata ta zubo mini a ka kamar ganyen da ya sha rana. Baba yana gefe yana ta kallon sama, wai yana duba ko ruwan zai sauka.

Maƙwabcinmu wani direba ne, iyayensa daga kudu aikin jirgi ya kawo su, shi kuwa a nan aka haife shi. Yana da shuɗiyar a-kori-kura mai tsayi, sai an taka taya ake hawa. Da ita yake ɗauko citta daga ƙauye. Baba ya kwana uku yana kewaya motar nan da tef ɗin awo, har kwanciya yake a ƙarƙashinta. Ni ya ɗora wa rubuta lambobin, tunda idonsa ya fara rauni. Yana kira daga ƙasa, ina rubutawa a bayan tsohuwar kalanda, miya tana can tana ƙonewa.

Bayan wata biyu Baba ya gama ƙera ƙaramar irinta. Direban ya zo, ya ɗaga ta yana jujjuyawa, baki buɗe.

"Baba, wannan mota na ne! Har wurin da saniya ya buga! Amma don Allah da ka gyara wannan lotsewa."

"Ka gyara taka, sai in gyara tawa."

"To, kyau kam akwai. Amma zai iya shiga laka?"

Ai kuwa Baba ya miƙe. An yi ruwa da safe, bayan gida duk taɓo ne. Ya aike ni kicin na kwaso citta, muka ƙulla ta a tsummoki kamar buhuna, muka loda. Matan gida suka bar wanki suka fito. Baba ya naɗe wando, ya sa yatsa ɗaya a bayan motar yana turawa a hankali. Ta shiga taɓo ta fita, ta hau dutse, sifirin yana lotsawa yana dawowa. Muka yi ta tafi. Sai da ta zo wani ɗan gangare, ta karkata hagu, ta kwanta, citta ta watse.

Na ji kunya ta kama ni saboda Baba. Shi kuwa dariya yake har da riƙe ciki.

Direban ne bai yi dariya ba. "Haka yake mini a gangaren rafi. Kullum hagu."

"Dole ta yi," in ji Baba. "Hagunka ya fi damanka ƙasa da inci biyu. 'Yata ce ta rubuta. Yadda na gani haka na ƙera."

Nan take mutumin ya shige ƙarƙashin motarsa da fararen kayansa. Can muka ji yana salati da yarensu. Ashe ƙarfe biyu na sifirin sun tsage, laka ta rufe wurin. Washegari bai je ƙauye ba, wajen bakanike ya wuni.

Da yamma ya dawo da kaza a hannu, yana roƙon Baba ya sayar masa da ƙaramar motar. Baba ya karɓi kazar, ya ce mota kam ba ta sayarwa ba ce, amma yana iya zuwa ya gan ta duk lokacin da ya so. Ya kuwa riƙa zuwa, har da baƙinsa yake kawowa. Kazar ni na soya, direban ya ci cinya biyu.