Kududdufin Turawa da Kunnena na Hagu

Ni mutumin tudu ne. A garinmu ruwa iri uku ne: na rijiya, na randa, sai na kududdufin bayan firamare, wanda duk yaron da ya shiga sai ya sha bulala, ya ƙara da tsargiya. Na fi shekara ashirin a unguwar Woolwich a Ingila, kogi na wucewa ta bayan flat ɗinmu, amma ban taɓa tsoma ko yatsa a ciki ba. Tsakanina da shi sai kallo.

Sai ga autata, shekararta sha takwas, saura wata huɗu ta tafi jami'a can arewacin Ingila, ta ce tana so mu koyi nutso tare, irin wanda ake goya tukunyar iska a baya. Wai ba a shiga ruwa mutum ɗaya, dole sai da aboki, kuma ni ta zaɓa. Yarinyar nan tun da ta shiga sakandare ba ta nemi komai a wurina ba, in ba in sauke ta a tasha ba. Uwarta ta dube ni sama da ƙasa ta ce, "Alhaji, kai da ko ruwan sama gudu kake?" Na ce na ji na gani. Gaskiyar magana tsoro nake ji, amma na fi jin tsoron ta tafi ba mu da wani abu namu mu biyu.

Muka yi makonni a wurin iyo na unguwa. Malamarmu wata Baturiya ce gajera mai muryar soja. Ta koya mana maganar hannu, tunda a ƙasan ruwa ba baki. In ta haɗa babban yatsa da manuni suka yi zobe, tambaya take ko lafiya. In lafiya, ka mayar mata da zoben. In da matsala, ka girgiza tafin hannu, ka nuna inda ke damunka. Na haddace tsaf, har ina gyara wa wani.

Saura shiga ruwa mai zurfi a fili kafin a ba mu takardar shaida. Na yi booking na teku sau biyu, sau biyun an yi cancel saboda iska. Tafkin da malamar ta saba zuwa kuma masu nutso sun kama duk gurabensa har ƙarshen bazara. Ta ce in mun samo wani da ake barin masu nutso, ita za ta zo.

Na fara cigiya a masallacin Regent's Park bayan sallar Juma'a. Wani likita ɗan Katsina ya saurare ni har ƙarshe, sannan ya tambaye ni ko ina samun isasshen barci. Wani ɗan'uwa daga Ghana mai tuƙa motar kaya ne ya taimaka. Ya ce, "Alhaji, ruwa na nan plenty bayan filin jirgi, ni na wuce shi kullum." Ranar Asabar muka bi kwatancensa. Tafki na farko na masu kamun kifi ne, kowa a ƙarƙashin lemarsa, shiru kamar zaman makoki. Na yi wa ɗaya bayani, ya girgiza kai bai ko juyo ba. Na biyu kuwa agwagi ne suka mallake shi, kuma ruwan da ƙyar ya kai gwiwa. Ina fama da juya mota a wata ƴar hanya, yarinyar ta samo wani wurin masu nutso a wayarta, ta yi magana da su, ta gama.

Ranar da muka je tare da malamar, wallahi kududdufi ne. An haƙi tsakuwa a wurin shekaru da yawa, ruwa ya cika ramin, Turawa suka sa masa ƙofa da mai sayar da shayi. Har tsohuwar bas suka nutsar a ciki da gangan, don masu nutso su sami abin kallo. A wajenmu in mota ta faɗa ruwa gari ne ke taruwa ana salati. Nan layi ake bi a je a gan ta.

Na matsa kaina cikin rigar roba, na sa takalman agwagwa, muka shiga. Sanyi ya ratsa ni har haƙora. Akwai igiya da ake bi zuwa ƙasa, malamar a gaba, ni da ƴata muna fuskantar juna. Ka'ida ita ce kana sauka kana toshe hanci kana hurawa a hankali, don kunne ya buɗe. Na dama ya buɗe. Na hagu ya ƙi, ya fara zafi kamar ana murɗa ƙusa a ciki.

Malamar ta juyo ta yi min zobe. Na mayar mata da zobe.

To, ban manta darasi ba, kada a yi min wannan zaton. Hannun ne ya riga ni. Mu ko a gadon asibiti aka gaishe mu, cewa muke da sauƙi. Mahaifina ranar da zai rasu, duk wanda ya leƙo sai ya ce masa alhamdulillahi. Ba a ɗora wa mai gaisuwa damuwarka a tambayar farko, sai an zauna, an sha ruwa, an tambayi mutanen gida. A ƙasan kududdufin nan kuwa babu wurin zama.

Muka ƙara sauka. Zafin ya hau har ƙeya. Sai ƴata ta matso, ta leƙa idona ta gilashi, ita ma ta yi min zobe. Haba, ƴar da na haifa zan nuna wa kunne ina girgiza hannu? Ga shi na ga murna a idonta, ga bas ɗin ta fara bayyana a ƙasanmu. Na mayar mata da zobe, har da gyaɗa kai.

Sai na ji wani abu ya ce fat. Ruwan sanyi ya shige kunnen, igiya da bas da ƴata suka hau juyawa. Malamar ce ta damƙe ni ta hau da ni sama a hankali. A bakin ruwa ta tambaye ni tun yaushe yake ciwo. Na ce tun farko. Ta ce to me ya sa na ce lafiya? Na buɗe baki zan yi mata bayanin al'ada, sai na ga abin zai yi tsawo, na ce a yi haƙuri.

A asibiti aka ce dodon kunnen ya huje. Zai warke, amma ba ni ba ruwa sai bayan watanni, wato sai bayan ƴata ta tafi jami'a.

Muka kama hanyar gida a mota ni da ita. Na ce mata kada ta damu, abin ba wani abu ba ne. Sai ta juyo ta yi min magana da Turancinta. Ta ce, "Baba, na tambaye ka. Ina kallon idonka na tambaye ka. Ni ce abokiyar nutsonka, aikina ke nan, kuma ka yi min ƙarya." Na ce ba ƙarya ba ce, ladabi ne. Ta ce, "Na sani. Ai a wurinka na koya. Kana tsammanin duk ranar da na dawo makaranta na ce maka lafiya lau, lafiyar ce?"

Kunya ta kama ni, kuma raina ya ɓaci da kaina ƙwarai.

Ta ƙarasa kwas ɗin da wata ma'aikaciyar jinya da malamar ta haɗa su, ni ina bakin ruwa da auduga a kunne ina gadin jakunkuna. Da lokaci ya yi muka kai ta jami'a, muka jera mata kaya a ɗaki, muka dawo.

Yanzu duk Lahadi bayan la'asar nake kiranta. Ina tambaya, sai ta ce, "Lafiya lau, Baba," da sauri, kamar yadda aka tarbiyyantar da ita. Nakan mayar da wayar kunnen dama, in saurara da kyau, in sake tambaya. Har yau ban iya gane wace "lafiya lau" ce ta gaskiya ba.