Garin Yumɓu na Malam Haliru

Juwairiyya na tsaye gaban allo lokacin da babura uku suka tsaya a ƙofar aji huɗu. 'Yan sa-kai ne, da bindigogi a rataye. Babbansu ya shigo yana duban wayarsa, yana duban kusurwar ajin. Nan take ta gane hoton da ke wayar. Ita ta ɗauke shi.

Shekara ashirin da biyu Malam Haliru ya yi yana koyarwa a wannan firamare, a wani ƙauye da ke gindin duwatsun Kwatarkwashi. Ba littattafai, rabin ajin ba benci, sai ya koma koyarwa da abin da yara za su taɓa. Da 'ya'yan tsamiya ake lissafi, da karan dawa ake ƙera mota a auna tsawonta. Ita ma Juwairiyya a hannunsa ta iya karatu, shi ya sa da ta gama kwalejin ilimi a Gusau ta dawo tana taya shi.

A zangon nan ya ce yara su gina garinsu da yumɓu. Mako uku suna ɗebo laka daga rafi suna gini a kusurwar ajin. Murfin kwalba ya zama rijiya, shuɗin zare ya zama rafi. Ba abin da suka manta, har siririyar hanyar da ake bi zuwa kogo idan 'yan bindiga sun shigo gari, don sun sha bin ta goye da ƙannensu. Juwairiyya ta ji daɗin aikin, ta ɗauki hoto ta tura wa ƙawayenta. Cikin kwana biyu hoton ya kai Tsafe, wani ya rubuta a ƙasansa wai taswirar infoma ce, mai kai wa 'yan bindiga rahoto.

"Malam, wa kaka yi ma wanga aiki?" in ji babban nasu.

"Attahiru, ni ne fa," in ji Malam Haliru. "Cikin wanga aji ka koyi rubuta sunanka."

"Ba shi na tambaye ka ba. Wa ya ce ka nuna hanyar gudu?"

"Yara sunka yi. Laka ce da ruwa."

"Ni na ɗauki hoton!" Juwairiyya ta ce. "Ni za ku tambaya."

"Malama, koma ga allonki," in ji Attahiru.

Attahiru ya sa takalmi ya tattake garin, tun daga kasuwa har kogon. Kulu, yarinyar da ta gina rijiyar, ta fashe da kuka. Suka sa Malam a tsakiyar babur suka tafi da shi, da alli a aljihunsa.

Abin da ke ƙona ran Juwairiyya shi ne, da iska ta yaye rufin ajin ba wanda ya leƙo. Ba wanda ya taɓa tambaya yadda aka yi 'yan shekara tara suka haddace hanyar gudu. Sai da aka ga laka a waya kowa ya farka. Iyayen da ke durƙusa wa Malam Haliru sun rufe baki. Shugaban makaranta kuwa cewa ya yi ta goge hoton, ta share ajin. Ta ƙi sharewa.

Ta je Bungudu neman Malam, aka ce ta tambaya a Gusau. Ta je Gusau, aka ce ba a kawo shi ba. Kullum da safe matarsa, Inna Jummai, takan zo ta tsaya a ƙofar ajin.

Yau kwana tara ke nan. Har yanzu ba a faɗa musu inda yake ba.