Karaban ɗin da na rufe wa ruɓa da fenti

Na fara ganinsa ne a bayan wani garaj a unguwar Sabangali, ƙarƙashin bishiyar darbejiya, akuya na kwance a gindinsa. Karaban ne, irin ɗakin nan mai taya da matafiya ke ja da mota, yana da 'yar taga mai zagaye. Lokacin ina saurayi, tela ne ni, littattafan soyayya da ake kawo mana daga Najeriya sun cika mini kai. Ina kallon tagar nan sai na hango fuskar yarinyar da nake nema a cikinta, tana leƙena in na dawo daga shago.

Mahaifinta ɗan kasuwa ne a Ambassatna, kuma sharaɗi ɗaya ya kafa mini: in sami ɗakin kaina. Kawuna ya ba ni gefen filinsa a Walia, na sayi karaban ɗin, aka ja shi muka ƙetare gada mutane na ta dariya. Yarinyar kaɗai ce ba ta yi dariyar ba. Ta ce ko mene ne za ta zauna a ciki, in dai ba zai faɗo mata a ka ba.

Na kira wani tsohon kafinta, aminin mahaifina, da muke ce wa Baba. Yana shiga ya danna babban yatsansa a bango ƙarƙashin tagar, yatsan ya nutse kamar a cikin burodi. Ya ce ruwan damina da yawa ya bi ta rufi ya sauka cikin bango har ƙasa, dole a kware shi tas sai ƙarfe, ya sha ranar rani guda, sannan a sa sabon katako. Ya ƙara da cewa in ban ji warin nan ba, to soyayya ta toshe mini hanci. Ni kuwa bayan Sallah nake son biki. Sai na yi abin da tela ya saba, wato ɓoye mummunan ɗinki da shafi. Na shafa kwalta a rufi, na buga sabon fallen katako a kan ruɓaɓɓen, na yi shuɗin fenti, na shimfiɗa leda, na ɗinka labule da hannuna, kullum ina turara shi da turaren wuta. Da yarinyar ta tambaye ni ko na yi yadda Baba ya ce, na dubi idonta na ce na yi.

Ranar jere gwaggonninta suka zo da gado da kabet cike da kwanuka, har da tangaran da kakarta ta bar mata. Suna cikin yabon labulen ƙasan ya ɓurma. Kabet ya kife, tangaran ya tarwatse, ƙafar gwaggo ɗaya ta shige har gwiwa. Warin da na yi wata uku ina ɓoyewa ya taso. Babbar gwaggon ba ta yi faɗa ba. Ta tsugunna ta ɗebo baƙin katakon, ta murje shi a tafinta, ta ƙulle a bakin mayafinta ta kai wa mahaifin yarinyar.

Saƙon yarinyar ya iso mini ta bakin yayarta. Ta ce da na gaya mata gaskiya, da ta jira ni shekara biyu ma. Abin da ba za ta iya ba shi ne ta riƙa taka maganata tana tsoron inda za ta ɓurma. Aka fasa auren.

Bayan sati Baba ya zo, bai tuna mini komai ba. Ya miƙo mini guduma ya ce in fara daga tagar. Shekara guda muka yi, kamar yadda ya faɗa. Har yau a ciki nake, ko ɗigo ba ya yi.

Ina roƙon matasa masu gaggawa irina, kada ku rufe abin da ya ruɓe don ranar biki ta yi kyau, kuma kada ku ce kun gyara alhali shafe kuka yi. Ruwa yana nan a ciki, yana jiran ranar da mutane suka fi yawa.

Bara na hango yarinyar nan a kasuwa, da 'ya'yanta biyu, tana cinikin kabet. Kafin ta taya, sai da ta sunkuya ta danna babban yatsanta a ƙasan katakon.